Namu na waje da ke Saudiyya, Sudan da Libya su ma ƴan Najeriya ne

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da ma'aikatanka, ya aiki ya haƙuri da jama'a. Dan Allah a ɗan sam min fili a wannan jarida in yi magana kan yadda gwamnatin tarayya take tafiyar da harkar ƴan Najeriya mazauna ƙasashen waje, dan abin ya daɗe yana damuna. Ni ba ɗan boko mai zurfi bane, sana'ata POS a wata kasuwar ƙauye a ƙasar Gumel, amma sana'ar nan tasa ina ganin kuɗin mutanen waje da idona kusan kullum, shiyasa nake ganin nima ina da ta cewa.

Maganar tawa guda ɗaya ce. Duk wani tsari da gwamnati ta fito da shi kan mutanen waje in ka zauna ka duba shi da kyau zaka ga mutum ɗaya ne a idon wanda ya rubuta shi, wato likita ko injiniya ko malamin jami'a a Ingila ko Amurka ko Kanada, mai fasfo a aljihu, mai akawun a banki, mai jin Turanci. Ni ban ƙi wannan bawan Allah ba, ɗan ƙasa ne kuma guminsa yake ci, Allah ya ƙara masa. Amma mu mutanen Kano da Jigawa namu na waje ba can suka fi yawa ba. Namu suna Jidda da Makka da Madina, suna Sudan, suna Libya da Aljeriya, suna Kumasi da Akra, suna Kamaru da Chadi da Gabon, ga Nijar nan da ba ma ma lissafa ta a ƙasar waje saboda kusanci. Masu kiwon raƙuma ne da tumakin Larabawa, masu aikin gini, direbobi, masu yankan farce, masu wankin mota, masu shayi, mata masu aikatau a gidaje, ga ɗalibai da malaman allo. Ba na jin akwai unguwa ɗaya a garinmu da zaka shiga ka rasa gidan da ke da mutum a ɗaya daga cikin wuraren nan.

Kar a ce ban yi adalci ba, gwamnati ta yi abubuwa kam. A 2017 aka sa hannu a dokar kafa hukumar NiDCOM mai kula da ƴan Najeriya mazauna waje, a 2019 ta fara aiki sosai da Hajiya Abike Dabiri-Erewa a matsayin shugaba. A 2021 majalisar zartarwa ta amince da manufar ƙasa kan mazauna waje. Duk ranar 25 ga Yuli ana bikin ranarsu a Abuja, a yi jawabai a raba lambobin yabo, ga taron zuba jari da ake kira musu duk shekara. Tun a 2017 ma gwamnati ta sayar musu da takardun bashi na dala miliyan 300, akwai kuma tsarin bashin gina gida da aka ware musu ta bankin bada lamunin gidaje na tarayya, sannan a 2025 babban bankin ƙasa CBN ya fito da hanyar da mutum zai yi BVN yana can waje ba sai ya zo gida ba. Duka abubuwa ne masu kyau. To amma ka ɗauki kowanne ɗaya daga ciki ka kai wa yaron da ke kiwon awaki a bayan garin Ɗa'if, ko matar da ke goge-goge a wani gida a Jidda ba ta da iƙama, wato takardar izinin zama, ka ce musu ga abin da ƙasarku ta tanadar muku, wallahi kallonka kawai za su yi. Takardun bashin dala? Mutumin da fasfonsa ke hannun kafili, wato ubangidan da ya tsaya masa a ƙasar, ko fasfon ya mutu shekaru da suka wuce ba halin sabuntawa, da me zai cike fom ɗin BVN a intanet?

Bari in faɗa maka yadda kuɗin yake zuwa, dan wannan fannina ne. Kullum muna ji a rediyo ana cewa mazauna waje suna turo wajen dala biliyan 20 a shekara, ana alfahari da shi. Wannan lissafin galibi na abin da ya bi ta banki ne da kamfanonin tura kuɗi masu rajista. Namu ba ta nan yake biyowa ba. Mutum zai tara riyal ɗinsa ya kai wa wani Bahaushe ɗan canji a Jidda ko Makka, shi kuma ya kira ɗan'uwansa a kasuwar canji ta Wapa cikin Kano, kafin ka sha ruwa alat ya shigo wayar wani a nan, tsohuwa ta zo da jikanta na ciro mata. Ba fom ba lambar komai, amana ce kawai da sanayya. Na Libya ma haka, dinari ya zama sefa a Agadas ko Damagaram, sefa ta zama naira a Maigatari ranar kasuwa. To ka ga wannan kuɗin a takardar gwamnati babu shi, kuma wanda kuɗinsa baya cikin lissafi shi ma baya ciki, shiyasa in an zo rabon kulawa ba a tuna shi.

Lokacin da CBN ya fito da tsarin nan a watan Maris na 2021 cewa duk dala ɗaya da aka turo maka ta banki za a ƙara maka naira 5, mu dariya muka yi a kasuwa. Naira biyar fa. Alhali zuwa ƙarshen 2022 dala a farashin gwamnati tana wajen naira 450, a Wapa kuma ta haura 700. Wane mai hankali ne zai bar ratar da ta kai haka ya bi naira biyar? Sai da aka saki farashin a tsakiyar 2023 ratar ta ragu sannan wasu masu takardu suka fara komawa banki, marasa takardu kuwa har gobe ɗan canji ne bankinsu, kuma ban ga laifinsu ba.

Kuma kuɗin nan ba wasa yake yi a ƙauye ba. Da damina shi ne taki da iri da kuɗin ƙwadago, da rani shi ne injin ban ruwa da fetur ɗinsa ko yanzu da ake yayin sola, shi ne kayan ɗakin yarinya, shi ne kuɗin tiyata in an tura mutum Dutse ko Kano, shi ne kwanon rufi. A ambaliyar 2022 da ruwa ya cinye gonaki da gidaje a Jigawa, daga Ringim har Haɗeja da Auyo da Kafin Hausa, mutane da yawa kafin kayan tallafi su iso abin da ya fara riƙe su shi ne ɗan abin da na waje suka turo. Masallatai nawa ne a ƙauyukanmu da ƴan Saudiyya suka haɗa kuɗi suka gina, rijiyoyin burtsatse nawa? Ba wanda ya kira su Abuja ya basu lambar yabo, su ma ba ita suke nema ba.

Abin da yake ƙara bani haushi shi ne yadda ake yi kaman fita waje jiya aka fara ta da jirgin Landan. Kakanninmu tun kafin a san wata ƙasa wai ita Najeriya suke fatauci zuwa Gwanja, su kai kanwa da tufafi da fata su ɗauko goro a Salaga, daga nan ne aka samu zango-zangon Hausawa da ke Ghana har yau. Hanyar gabas kuma ta aikin hajji ce a ƙafa, ta Borno da Chadi da Darfur har bakin Bahar Maliya, mutum ya yi shekaru a hanya yana noma yana tara guzuri, wasu su isa wasu su zauna a nan Sudan ɗin. Bayan yaƙin Burmi a 1903 da Turawa suka kashe Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya, jama'arsa da suka tsira suka ci gaba da tafiya gabas tare da ɗansa, garin Mai Wurno da ke Sudan su ne suka kafa shi. Da yawa daga baya sun yi aiki a gonakin audugar Jazira. Tabbas jikokin waɗannan yanzu ƴan Sudan ne ƴan Ghana ne, ba ina cewa a basu fasfon Najeriya bane, abin da nake nufi shi ne hanyoyin nan da suka buɗe su ne yaranmu suke bi har yau, a gidajensu suke sauka. Kuma mun san abin da ya faru a 1969 lokacin da gwamnatin Busia ta kori baƙi marasa takardu daga Ghana, tsofaffinmu suna bada labarin yadda mutane suka dawo da tabarma kawai bayan shekaru suna tara dukiya. Wannan kaɗai ya isa ya koya mana cewa zama a ƙasar wani ba takarda ba mai tsaya maka hatsari ne.

Maganar Saudiyya ita ce ta fi zafi, a nan nake so in ɗan daɗe. Kowa a yankinmu ya san yadda ake yi. Ejan zai zo gari, wani lokacin ma mace ce ƴar garin da ta taɓa zuwa ta dawo da haƙorin Makka da zinare, a ce za a kai yarinya ko bazawara aikatau, ba sai an biya komai yanzu ba, in ta je ta dinga biya daga albashinta. Wata da bizar aiki wata da ta umara. Tana sauka kafili ya karɓe fasfo. In ta dace da mutanen kirki to Alhamdulillah, akwai su kuma da yawa, kar a yi musu ƙarya. In ba ta dace ba aiki ne ba dare ba rana, albashi a riƙe wata da watanni, wani gidan har duka da abin da baki ba zai iya faɗa ba, in ta gudu kafili ya kai rahoto cewa ta gudu shikenan ta zama mai laifi, daga nan sai zaman ɓuya, ba asibitin gwamnati ba banki, in an kama ta sai gidan tarhil inda ake tsare waɗanda za a kora, ta jira ranar da za a sako ta a jirgi. Gyaran da Saudiyya ta yi wa tsarin kafili a watan Maris na 2021, wanda ya ba ma'aikaci damar canja wajen aiki da fita ƙasar ba sai da izinin ubangida ba, bai haɗa da masu aikin gida da direbobin gida da makiyaya ba, wato dai daidai inda namu suka fi yawa nan ne aka tsallake.

Akwai kuma yaran da aka haifa a can, uwa ba takarda uba ba takarda, yaro ya tashi yana jin Larabci da Hausa, bai taɓa ganin Najeriya ba, Saudiyya ba ta ɗauke shi nata ba, Najeriya ba ta san da shi ba. Ranar da aka kamo shi aka sauke shi a filin jirgin Kano baƙo ne, wani ko sunan ƙauyen ubansa bai iya faɗa daidai ba. Na ga irinsu a garinmu, saurayi ya zauna shiru a ƙofar gida ba sana'a ba aboki, yara suna tsokanarsa da Hausarsa. Wane shiri aka yi wa irin wannan a cikin manufar 2021 ɗin nan?

Ƙasar Filifin ma mutanenta suna aikatau a Saudiyya kaman namu, amma su gwamnatinsu ma'aikata guda ta kafa sukutum dan ma'aikatansu na waje, suna da jami'an ƙwadago a ofisoshin jakadancinsu, suna da gidan da mace zata gudu ta fake in an zalunce ta, kafin mutum ya tafi sai an duba kwantiraginsa an yi masa bita, kuma sun sha dakatar da tura ma'aikata wata ƙasa in an ci zarafin nasu har sai an zauna an gyara. Su ma ba masu kuɗi bane. Bambancin kawai sun yarda cewa mai aikatau ita ce mutuminsu na waje, ba sa jin kunyarta.

Na san hukumar NiDCOM ta taɓa tsayawa tsayin daka, ban manta ba. Ɗalibar nan da aka kama a Saudiyya a ƙarshen 2018 bisa zargin ƙwaya, daga baya bincike ya nuna wasu ne a filin jirgin Kano suka liƙa wa jakar ƙwayar sunanta, gwamnati ta bi maganar har aka sako ta a 2019, kowa ya ji daɗi ya yi addu'a. Wannan ya nuna in an so ana iyawa. Sai dai ita Allah ya taimake ta maganarta ta fito a jaridu da soshiyal midiya duniya ta ji. Wanda iyayensa suke ƙauye ba su san kowa ba, ba su san ma akwai wata hukuma mai wannan sunan ba, shi wa zai kai kukansa? Ka zo kasuwarmu ka tambayi mutum ɗari mene ne NiDCOM, in ka samu biyu da suka sani ka yi sa'a, alhali rabinsu suna da ɗan'uwa a waje.

Sai yaƙin Sudan da ya ɓarke ranar 15 ga Afrilun 2023. Nan ma a yaba inda ya kamata, an kwaso mutum sama da 2,000, yawanci ɗalibai, da yawansu ƴan Kano da Jigawa. Amma kowa ya ga yadda aka yi ta kame-kame, motoci suka tsaya da yara a cikin sahara, aka yi kwanaki a kan iyakar Masar ba a bari sun shiga ba, iyaye a nan ba barci. Tushen matsalar shi ne ba wanda ya san adadin mutanenmu a can tun farko, sai da harsashi ya fara tashi aka fara rubuta suna. Ɗalibai ma kenan masu fasfo masu ƙungiya. Masu ɗinki da masu facin taya da almajirai da matan da suka yada zango a Sudan suna jiran hanyar tsallakawa Saudiyya fa? Su kowa ta kansa ya yi, wasu ta Chadi suka biyo a hankali har gida, wasu har yau danginsu ba su ji ɗuriyarsu ba.

Libya kuwa ba sai na faɗa ba. Yaro zai sayar da babur ko akuyar uwarsa ya kama hanyar Damagaram, Agadas, Dirku, sai Sabha, wani ya samu aiki ya turo, wani ya faɗa gidan bashi a dinga dukansa ana kiran iyayensa a waya suna jin ihunsa har sai an sayar da gona an tura. Irin wannan kuɗin ma ta hannunmu masu POS yake bi, kuma wallahi ba daɗi, kana tura kuɗi uba yana tsaye yana share hawaye da hularsa. Masu dawowa a jirgi kuma mafi yawa hukumar ƙaura ta duniya IOM ce ke ɗauko su. Ana cikin wannan hali a watan Satumba na 2023 shugaban ƙasa ya kira jakadunmu gida aka daɗe ƙwarai ba a tura wasu ba, aka bar ofisoshin a hannun na ƙasa da su. Mai zama Landan zai iya ɗaukar lauya, wanda ke tsare a Tarabulus ba shi da kowa sai ofishin jakadanci.

Kar kuma mu ɗora komai a kan Abuja, mu ma da namu. Ejan ɗin nan ba daga sama ya faɗo ba, ɗan garinmu ne, muna sallah sahu ɗaya da shi, kowa ya san gidansa. Akwai iyayen da su ne suke matsa wa yarinya ta tafi dan sun ga maƙwabta sun yi rufin kwano. Akwai kuma cin amanar da ake yi wa na wajen, mutum ya shekara goma yana turo kuɗi a gina masa gida ana tura masa hoton ginin wani, ya dawo ya tarar ko fili babu, in ya yi magana a ce zai ɓata zumunci, a taru a bashi haƙuri. Wannan ya kashe wa mutane da yawa gwiwar turo abin da ya wuce na cefane. Malamanmu na Juma'a su dinga taɓo wannan a huɗuba dan Allah, cin dukiyar ɗan ci-rani cin amana ne kaman kowanne.

Maganar zaɓe kuma, wato a bar mazauna waje su jefa ƙuri'a daga inda suke, majalisa ta yi watsi da ita a gyaran tsarin mulki na watan Maris 2022, har yanzu ana ta kai gwauro ana kai mari. Senegal tun 2017 ta ware wa mutanenta na waje kujeru 15 a majalisa, Nijar nan kusa da mu ma kafin sojoji su karɓi mulki tana da kujeru 5 na mazauna waje. Ni ina goyon baya, amma ina da zargi guda, ina ganin wasu ƴan majalisarmu na Arewa suna ƙin abin ne dan a tunaninsu ƙuri'ar waje ta ƴan Kudu ce, wato su ma sun manta da namu kenan. In kuwa aka tashi yi aka ce sai mai fasfo mai rai da takardar zama, kuma a Landan da Washinton kawai za a fara, to an sake barinmu a baya, gara tun yanzu wakilanmu su san abin da za su tsaya a kai. Duk da haka in ka tambayi matar da ke tarhil tsakanin ƙuri'a da takardar komawa gida na san wacce zata zaɓa, dan haka ni a wajena zaɓe ba shi ne na farko ba.

Na farko shi ne a san su. Kuma ba abu bane mai wahala yadda ake zato, ba sai an bada kwangilar wata manhaja ta biliyoyi ba. Duk inda Hausawa suke a waje suna da shugabanni, akwai sarkin Hausawa ko sarkin zango, akwai limamai, akwai ƙungiyoyin ƴan gari ɗaya da suke tara kuɗi in wani ya rasu ko an kama shi, waɗannan sun san kowa har ɗakin da yake kwana. A nan gida kuma mai unguwa da dagaci sun san gidan da ɗansu ya tafi da inda ya tafi, in hakimi ya ce a kawo suna ba za a daɗe ba an kawo. Amma sai an tabbatar wa mutane cewa rubuta sunan ba zai zama hanyar kama su ko karɓar haraji ba, in ba haka ba ba wanda zai fito, mutumin da ya shekara yana ɓuya ba zai miƙa sunansa haka kawai ba.

Sannan a yi mana magana da harshen da muke ji. Sanarwa a shafin intanet da Turanci ba ta iso mu. Rediyo muke ji, saƙon murya na WhatsApp muke turawa, tsohuwar da ba ta iya karatu ba ta iya danna ta yi magana. Me zai hana a samu lamba guda da uwa zata tura murya da Hausa ta ce ƴata tana gari kaza wata shida ban ji ta ba, kuma a samu mai amsa mata da Hausa ko Fulatanci? Kuɗin fasfo ma a duba, dala 150 ake biya a waje na shekara 5, ga mai albashin aikatau wannan babban kuɗi ne, ga wahalar NIN kafin a kai ga fasfon. A dinga fita da na'ura ana bin garuruwan da mutanenmu suke ana yi musu, musamman yaran da aka haifa can. Haka in mutum ya rasu a wajen aiki, haƙƙinsa na sallama da albashin da aka riƙe ko diyya in akwai, a samu wanda zai bi wa magada, dan yanzu abin da ke zuwa gida sai labarin rasuwa kawai da ƴar jakar kaya in an samu mai kawowa.

Gwamnatocin Kano da Jigawa kuma kar su ce wannan aikin tarayya ne su naɗe hannu. Jigawa ta nuna tana iyawa lokacin da ta nemo wa ɗalibanta na likitanci da suka dawo daga Sudan wasu makarantun a waje suka ci gaba da karatu. To a faɗaɗa abin ya wuce ɗalibai. A samu ofis a Dutse da Kano, da ɗan tebur a kowace sakatariyar ƙaramar hukuma, inda za a kai ƙarar ejan, inda mai niyyar tafiya zai je a karanta masa kwantiragin da zai dangwala wa hannu kafin ya tafi, in ma akwai irin wannan ofis ɗin yanzu to mu a ƙauye ba a nuna mana ƙofarsa ba. Kuma akwai wani tsari da Meksiko ta taɓa yi da ya burge ni, in ƙungiyar ƴan gari da ke Amurka ta tara kuɗi dan aikin gayya a garinsu, gwamnatin tarayya da ta jiha da ƙaramar hukuma kowacce sai ta zuba daidai abin da suka tara, kuɗi ya ninka huɗu. Ka ɗauka ƴan garinmu na Jidda sun tara miliyan 2 na gyaran asibitin sha-ka-tafi, jiha ta sa 2 ƙaramar hukuma ta sa 2, ai aiki ya tashi, kuma su da kansu za su sa ido dan guminsu na ciki.

Daga ƙarshe Malam Edita ina roƙonka ka turo wakilinku ya zo Maigatari ranar Alhamis ya zauna wajen ƴan canji da masu POS ya ga abin da nake faɗa, ya kuma je filin jirgin Malam Aminu Kano ranar da aka sauke waɗanda aka koro daga Saudiyya ya tambaye su wa ya tarbe su da kuma nawa ne a aljihunsu na motar gida. Sannan ku tambayar mana sanatocinmu da ƴan majalisar wakilai na Kano da Jigawa ɗaya bayan ɗaya, a cikinsu wa ya taɓa tashi a zauren majalisa ya yi maganar masu aikatau a Saudiyya, ku buga mana amsar kowa da sunansa.

Na gode, Allah ya ƙara wa jarida ɗaukaka. Wassalam.

Naku,
Wani mai POS,
daga ƙasar Gumel, Jihar Jigawa.